Ranar da Na Ɓoye Bitrus

Ni na sa aka hana unguwarmu tallafin asibiti. Ban saci komai ba, ban ci kuɗin kowa ba. Gyara na yi. Na sa aka share gida, aka shafa farar ƙasa, na ɓoye marar lafiya. Shekara kusan ashirin ke nan.

Markar bana ce ta tono maganar. Kwana biyar ruwa bai ɗauke ba a Kakuri. Kwatar bayan layinmu ta cika ta shigo tsakar gida, bango ya jiƙe har ƙugu, ashana ta ƙi kamawa. Warin jiƙaƙƙen siminti da tabarma mai danshi ya cika ɗaki. Warin waccan shekarar ke nan. Da na shaƙe shi sai na ture kwanon tuwo.

Damina ta biyu ce bayan an rufe masaƙa. Shekara goma sha tara na yi a ciki, bakwai daga ciki ina hediman, wato shugaban ma'aikata, a ɓangaren kaɗi. Ranar da aka rufe babu wanda ya gaya mana. Mun zo aikin safe muka tarar da kwaɗo a ƙofa da 'yan sanda biyu suna cin gyaɗa. Jiniyar da ke tashinmu ta yi shiru, amma na yi wata da watanni ina farkawa a kan lokacinta, in zauna a bakin gado ban san inda zan nufa ba.

Gidan haya muke, ɗaki goma sha biyu, duk tsofaffin ma'aikata. Musulmi da Kirista, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Ko lokacin da gari ya rikice mutane suka rarrabu, mu ba mu rabu ba. Ba don kirki ba. Ba mu da wurin zuwa ne.

Da abin hannu ya ƙare sai muka koma noma. Muka samu wani fili a bakin kogi, muka yi gayya, muka shuka masara. Yawancinmu rabonmu da fartanya tun muna samari. Tafin hannu ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi. Da an idar da sallar asuba mu fita, Kiristocin na jiranmu a ƙofar gida, mu taka har kogi cikin laka. Mata su bi bayanmu su tsinko tafasa da rama da zogale. Da rana a jiƙa garin rogo, ba sukari, ba ƙuli, a sha a tsaye. Da yamma in an samu tuwo to, in ba a samu ba a yi kwaɗon ganye da gishiri. Yara suka daina wasan guje-guje. Sai dai su zauna a gindin bango suna kallon duk wanda ya shigo, hannunsa suke fara dubawa kafin fuskarsa.

Masarar ta yi kyau. Ta yi tsawo, ta yi goyo. Saura kaɗan a fara karya sai kogi ya kawo. Wata safiya muka je muka tarar babu gona, sai jan ruwa yana tafiya, kawunan masara na leƙowa. Muka shiga har ƙirji muka karyo abin da hannu ya kai. Ba ta nuna ba. In an gasa aka ciza sai ruwa-ruwa. Kwana uku muka ci, ta ƙare.

Ɗakin Bitrus yana kallon nawa. Mutumin wajen Kafanchan ne, tare aka ɗauke mu aiki. Shi a ɗakin shiɓa ya yi shekarunsa, inda ake wargaza auduga, ƙura na tashi kamar hayaƙi. In ya fito daga aiki har girarsa fara ce. Wannan ƙurar ce ta zauna masa a ƙirji. Da damina ta yi nisa, daga bakin titi ake jin tarinsa. Yana kirana Oga Hediman har bayan babu sauran masaƙa. Ni kuma ina ce masa Fasto, don ba ya leƙa coci sai ranar da za a raba shinkafa.

Abin da ke riƙe da shi wani ɗan abin shaƙa ne shuɗi da Sista Rifkatu ke ba shi. Sista ita ce nas ɗin asibitin masaƙa. Da aka rufe ba ta tafi ba. Ita da wasu tsofaffin malaman makaranta biyu suka kafa 'yar ƙungiya, suka karɓi shagon da ke jikin gidanmu. Da safe ta duba marasa lafiya, da yamma a shimfiɗa buhuna a koya wa yaran da aka koro daga makaranta karatu. Maganin kuwa, roƙo take yi ta samo. A wannan daminar kabad ɗinta ya kusa zama fanko.

Sai ta ji labarin gidauniyar wani babban kamfani da ke Legas, masu taimakon ƙananan ƙungiyoyi irin tata a kan lafiya da karatun 'ya'yan talakawa. Ta rubuta musu. Suka amsa cewa za su zo su gani da idonsu. Unguwa uku za su duba, ɗaya za su zaɓa. Wadda aka zaɓa za ta samu magani na shekaru, da injin taimakon numfashi, da bencina, da albashin malamai.

Ranar Lahadi da yamma ta same ni a ƙofar ɗaki, don ni mutanen gidan ke jin maganata.

Ta ce, “Malam Sale, ranar Laraba za su zo. Gobe zan wuce ofishinsu na Abuja in kai sauran takardu, tare da su zan dawo. Ka tara min mutane, kada kowa ya fita.”

Na ce, “An gama.”

“Kuma kada ka taɓa komai. Su zo su ga yadda muke.”

Na ce, “To.”

Da baki na ce to. A raina na ce matar nan ba ta san dubawa ba. Ni na santa. A masaƙa duk shekara masu dubawa na zuwa. Kwana biyu kafin su iso mu shafe bango da fenti, mu ja injin da ya lalace gefe mu lulluɓe shi da tamfol, duk mai bandeji a hannu a ba shi hutun yini. Su zo su zaga su yi murmushi su sa hannu. Ban taɓa ganin babban mutum ya ga datti ya buɗe aljihu ba. Abin da na sani ke nan.

Akwai kuma wani abin, shi ne wanda ban faɗa wa kowa ba. Ban so wata mata daga Legas ta shigo ta ga Zulai matata da zane ɗaya ba. Ban so a ƙirga haƙarƙarin 'ya'yana a ɗauki hoto ba.

Litinin da safe ruwa ya tsagaita. Na ɗauko usur ɗina na aiki na busa a tsakar gida. Kowa ya fito. Na raba aiki kamar yadda na saba. Maza su kwaso ɓaraguzai daga bayan masaƙa a cike kududdufai. Mata su share, su wanke, su kwashe tsummokaran da ke kan igiya. Wani magini ya ba mu ragowar farar ƙasa, muka shafe gaban gida da shagon Sista. Aka aro kujerun roba da rumfa daga coci. Na aika Makera wurin 'yan'uwa aka aro wa yara kayan makaranta, aka aro wa mata atamfa. Mu da muka yi rabin rayuwarmu muna saƙa atamfa, ga mu muna aronta.

Na shiga shagon Sista na buɗe kabad. Kwalba huɗu ce a ciki da auduga kaɗan. Na je wurin wani mai kemis na roƙi kwalayen maganin da ya zubar, na jera su reras har sama.

Wani Alhaji mai shago ya ba mu shinkafa sadaka. Nama ne babu. Zulai ta ba da zakaranta. Saratu matar Bitrus tana da kaza ɗaya, wadda ke yi masa ƙwan da yake sha. Na ce a kawo ta. Ta kawo.

Zulai ta ce, “Malam, ba cewa Sista ta yi a bar komai yadda yake ba?”

Na ce, “Sista allura ta sani. Dubawa ni na sani.”

Ta ɗauki tsintsiya ta ci gaba da shara.

Gaskiya ita ce kwana biyun nan sun fi kowane kwana daɗi a shekarar. Mutane na dariya. Maza na tsokanar juna a kan wanda ya shafa farar ƙasa a gemu. Mata na gwada atamfa suna juyi. Na ji kamar an sake buɗe masaƙa, ni kuma ina tsaye a kan layina.

Laraba da sassafe na ware yaran da cikinsu ya kumbura gashinsu ya yi ja, na tura su gidan wata tsohuwa a layin baya. Saura Bitrus. Yana zaune a ƙofar ɗakinsa ya dafa gwiwa, kafaɗunsa na hawa suna sauka, ƙirjinsa na fito kamar an taka ɗan tsako.

Na ce, “Fasto, za ka ɗan sha iska yau.”

Ya dubi baron da na turo. Ya dube ni.

“Oga Hediman, yau ni ne injin da ya lalace?”

“Awa biyu ne kawai. Da sun tafi zan zo in ɗauko ka.”

“Ina tamfol ɗin? Ai ba a ja inji gefe a bar shi a buɗe.”

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, sai da Saratu ta riƙe shi. Muka ɗora shi a baro. Yayyafi ya fara, na lulluɓe shi da leda. Na tura shi har tsohon ɗakin masu gadi na ƙofar masaƙa, tafiyar minti biyar. Babu ƙyaure, rufin na yoyo ta gefe ɗaya, ƙasa a jiƙe. Saratu ta shimfiɗa buhu ta zauna kusa da shi.

Zan juya ya ce, “Ka ajiye min cinya. Kazata ce.”

Sai wajen azahar suka iso, mota fara doguwa. Sista ce ta fara fitowa. Ta ga rumfa, ta ga farin bango, ta ga yara a jere cikin kayan makaranta suna waƙar maraba. Ta tsaya cak da jaka a hannu. Ta matso kusa da ni, muryarta ƙasa-ƙasa.

“Malam Sale, me ka yi?”

Na ce, “Kwantar da hankalinki, Sista.”

Shugabar baƙin wata Hajiya ce mai tabarau, Bahaushiya, ba ta da yawan fara'a. Tare da ita akwai mai ɗaukar hoto. Na tarbe su cikin babbar rigar aro, na kai su kujera, aka kawo lemo. Ƙanshin shinkafa da kaza ya cika gidan. Hajiya ta duba takardar hannunta, ta duba mu, ta sake duba takardar.

Ta ce, “Baba, yaran nan duk suna zuwa makaranta?”

Na ce, “Muna ƙoƙari, Hajiya.”

“An rubuto mana akwai masu ciwon ƙirji daga aikin auduga. Muna son ganinsu.”

Sista ta juyo da sauri. “Ina Bitrus?”

Na ce, “Ya ji sauƙi. Ya ɗan fita.”

Sista ta kalle ni. A gaban baƙi, a gaban duk gidan, ba za ta ce dattijo ya yi ƙarya ba. Sai ta ce wa Hajiya ta zo ta ga kabad ɗin magani, ta ga yadda ya ƙare. Muka shiga shago. Ta buɗe. Ga kwalaye reras har sama.

Sista ta ɗauki ɗaya ta girgiza. Ta ɗauki wani.

“Hajiya, babu komai a cikinsu. Wallahi ba ni na sa su ba.”

Hajiya ta cire tabarau. Ba ta ɗaga murya ba.

“To Sista, wanne zan kai ofis? Abin da kika rubuto, ko abin da nake gani?”

Ina tsaye a bakin ƙofa. Tsakanina da Hajiya bai fi taku biyu ba. Abin da zan ce gajere ne: ni na yi, ku biyo ni, tafiyar minti biyar ce. Da ta ga Bitrus a kan buhun nan da magana ta ƙare. Na san haka a lokacin, ba daga baya na gane ba. Amma mutanen gidan sun taru a bayana, waɗanda na busa wa usur, waɗanda suka kwashi ɓaraguzai da cikin yunwa saboda na ce na san dubawa. Na buɗe baki na ce, “Hajiya, abinci zai huce.”

Cokali biyu ta ci. Mai hoton ne ya ci sosai. Ruwa ya sauko da ƙarfi, suka ruga mota. Sista ba ta bi su ba. Ta shiga shago ta rufe ƙofa, muna jin tana watso kwalayen ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Yara suka faɗa wa shinkafar da hannu bibbiyu, kayan aron duk suka ɓaci da mai. Farar ƙasar ta fara bin ruwa tana gangarowa daga bango.

Na ƙunshe cinyar a leda na tafi da baro. Awa biyun da na ce ta zama shida. Ruwa ya shiga ɗakin gadin, buhun ya jiƙe, Saratu ta jingina shi a jikinta. Leɓɓansa sun yi baƙi. Ya ɗaga ido.

“Oga, mun ci jarrabawa?”

Na ce, “Mun ci.”

Ya karɓi cinyar ya riƙe. Bai iya ci ba. Har muka iso gida tana hannunsa.

Amsa ta zo da kaka, lokacin da masu gona a tudu ke shigo da sabuwar masara gari. Sista ta kira ni shago ta karanta mini, tana juya ta da Hausa. Sun gode da tarba. Sun yaba da tsabtar unguwar da haɗin kan mutanenta. Sun ga akwai inda buƙata ta fi tsanani. Wata ƙungiya ce a wajen Mahuta ta samu.

Ta ninke takardar. Na jira ta zage ni, da na ji sauƙi.

Ta ce, “Na ce maka kada ka taɓa komai.”

Shi ke nan abin da ta faɗa.

Kwalba huɗun suka ƙare. Malaman biyu suka gaji suka daina zuwa. Yara suka koma tallan ruwan leda a bakin titi, har da nawa. Sista ta riƙe shagon wata biyu tana duba mutane da hannu kawai, daga baya ta mayar da makulli ta nemi aiki a wani wuri. Kafin ta tafi ta ba Bitrus abin shaƙa na ƙarshe. Yana lallaɓa shi, sai numfashi ya kusa ɗaukewa yake matsawa sau ɗaya. Duk da haka ya ƙare.

Saratu ta ce za ta kai shi ƙauye. Ni na tura shi tasha, a baron nan dai. Bai fi nauyin buhun dusa ba. Muka sa shi a kujerar baya kusa da taga. Na tsaya na dafa motar, ina neman abin faɗi.

Na ce, “Fasto.”

Ya ce, “Saratu ta gaya min duka.” Ya huta, ya ja iska. “Bari, Oga. Da ni ne hediman, da haka zan yi. Abin da suka koya mana ke nan.”

Saratu ba ta kalle ni ba. Gaba take kallo.

Ta ce, “Malam Sale, ɗauke hannunka daga motar. Za mu tafi.”

Na ɗauke.

Bai kai Kirsimeti ba. Mutum huɗu daga gidanmu suka je jana'iza. Ni na ce ba ni da lafiya. Lafiyata ƙalau.

Ban sani ba ko injin nan zai tsawaita masa kwana. Wannan na Allah ne. Ban sani ba ko da na bar komai yadda yake mu za a zaɓa. Abin da na sani, an tambaye ni ina yake, na ce ya fita.

Yanzu irin motocin nan sun yawaita, kuma mutane sun waye. In an ce masu tallafi za su zo, har masu lafiya kwanciya suke yi, a ɓoye talabijin a gidan maƙwabta. Ina gani, ba na cewa komai. An sare itatuwan harabar masaƙa, an kwashe ƙarafan, ciyawa ta fi mutum tsawo a inda layina yake. Zulai ta rasu. 'Ya'yana sun watse, ɗaya na tuƙa keke mai ƙafa uku, babu wanda ya gama makaranta a cikinsu.

Ni ina nan Kakuri, a gidan nan, ɗaki na uku daga ƙofa. Ina gadin shagunan bakin titi da rana. Bara tarin ya kama ni, bana ya ƙaru. Asibitin da aka gina da tallafin yana nan a Mahuta, an ce injin na aiki, an ce ba sa korar kowa. Keke ɗaya ne daga nan. Ban je ba.